"Ka zama baƙon ido": yadda ofis da tafiye-tafiye ke cinye zaman abokai a Zango

A kowane bes na Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi, akwai mutum ɗaya da ake bar wa wuri a benci amma ba ya zuwa. Sunansa na nan a rukunin WhatsApp, kuɗin wata yana shigowa ta momo ba ya latti, in an yi rasuwa shi ne na farko wajen rubuta "Allah ya jiƙan rai". Amma a tambayi yaushe aka ga ƙafarsa, sai an yi lissafi da Sallah. Yau yana Tamale ofis ya aike shi, jibi yana Lome, wata mai zuwa an ce ya haye Dubai saro kaya. Ran da ya ɓullo kuwa, kafin ya zauna an tare shi da "A'a, Alhaji, ashe kana ƙasar? Ka zama baƙon ido!" Ana dariya, shi ma yana dariya, amma kowa ya san maganar ba wasa ce zalla ba.

Irin waɗannan mutane sai ƙaruwa suke yi. Shekaru talatin baya, in an ce ɗan Zango yana sana'a, hankali yakan tafi ga mahauci, direba, ɗan canji a Tudu ko mai shanu a Ashaiman. Yanzu 'ya'yan waɗancan ne a bankuna, kamfanonin waya, asibitoci, ƙungiyoyin agaji masu aiki a arewa, da ofisoshin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema. Wasu ma sun haɗa biyu: ofis da rana, shago a hannun ƙane, sannan su yanki hutu su je saro kaya. Abin alfahari ne, babu mai musu. Iyaye sun sha wahalar makaranta biyu, ta boko da ta allo, don a kawo nan. Sai dai kowace riba da abin da take ci, kuma abin da wannan ta fara ci shi ne zaman abokai.

Da can tafiya ba ta raba mutum da mutane

Wani zai ce ai tafiya gadonmu ce, mene ne sabo? Gaskiya ne. Kalmar zango kanta wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana take nufi. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sukan yi watanni a hanya kafin su iso Salaga, wani ya bar gida ya shekara bai koma ba. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Karaci, Kintampo, Kumasi da Akara, wadda tsofaffinmu har yau suke kira Ankara. Don haka ba a kanmu aka fara yin nisa da gida ba.

Amma a duba yadda tafiyar take. Falke ba ya tafiya shi kaɗai. Ayari ne guda a ƙarƙashin madugu, tare ake ci, tare ake sallah, tare ake gadin dare. In an iso gari, wurin maigida ake sauka. Shi zai ba da ɗaki, ya adana kaya, ya nemo mai saye, in za a ba baƙo bashi ya tsaya masa. Sau da yawa maigidan uba shi ne na ɗa, har a kai ga auratayya. Kasuwanci da abota igiya ɗaya ce, in ka ja wannan sai waccan ta biyo.

Tafiyar yau fa? Mutum ya hau VIP a Sakul da daddare, ya toshe kunne, ya farka a Kumasi bayan awa biyar ko shida in hanya ta yi kyau. In Tamale ce, sai ya kwana ya hantse a kujera, ko kuma kamfani ya biya masa jirgi ya isa cikin awa guda. Daga tasha sai otal, daga otal sai ɗakin taro, a karɓi rasit, a juyo. Zai iya zuwa Tamale sau goma a shekara bai gaisa da kowa ba sai mai karɓar baƙi a otal. Tafiyar ta gajarta, amma ta zama ta mutum ɗaya. Abin da ta ɗauke masa a gida ba ta mayar masa da shi a can.

Kalandar ofis ba tamu ba ce

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne a Gana, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ba abin mamaki ba ne da aka gina makon aiki a kan rayuwar sauran huɗun. Litinin zuwa Juma'a aiki, Asabar ta jana'iza da biki, Lahadi ta coci. An samu sauƙi ta wasu wurare. Tun zamanin Rawlings ake ba da hutun Sallah ƙarama da babba, a 2025 kuma majalisa ta ƙara kwana ɗaya washegarin ƙaramar Sallah. Har tsarin sa tufafin gida ranar Juma'a da gwamnati ta ƙaddamar a 2004 ya zame mana alheri, don mutum ya iya shiga ofis da kaftani da hula ya wuce masallaci lokacin cin abincin rana ba wanda ya ɗaga ido.

Inda gizo ke saƙa shi ne mutuwa. Babu ƙasar da ta kai Gana girmama jana'iza, kuma ofis ya san darajarta sarai: akan tara gudummawa, a yi hayar bas, ma'aikata su tafi garin mamaci su kwana. Amma jana'izar da ofis ya sani ita ce wadda aka ajiye gawa a asibiti makonni ko watanni, aka buga kati, aka sa rana, yawanci Asabar. Tamu ba ta jira. A rasu da asuba, saƙo ya shigo waya ƙarfe tara, a ce za a yi sallah bayan Azahar a wuce maƙabarta. Ma'aikacin da ke tsakiyar taro sai ya je gaban shugabansa ya ce yana son fita yanzu-yanzu. Tambayar farko ita ce wa ya rasu. In ya ce mahaifin abokinsa, sai a dube shi. A takardar ma'aikata babu layin "mahaifin aboki". Ta yaya zai bayyana cewa a gidan mamacin ya ci tuwo shekara goma, kuma shi ya kai shi makarantar allo da hannunsa?

Wannan in yana gari ke nan. In saƙon ya same shi a Bolgatanga ko a kan iyakar Aflawo, magana ta ƙare. Sai ya nemi ya riski addu'ar uku, ko ta bakwai, in ta ƙi ta arba'in. Mutanenmu kuwa ba sa mantuwa da wanda ya taka ƙafa zuwa Awudome ko Tafo, da wanda bai taka ba. Ba za a faɗa maka ba. Sai ran da taka ta zo ka ƙirga sahu.

Suna ya fi sauƙi, tunda da sassafe ake yi, mutum zai iya tsayawa a yi fatiha ya karɓi goro ya wuce aiki. Sai dai shi ma kwana na bakwai ba ya tambayar ko tikitinka na wace rana ne. Aure yawanci Lahadi ne, kuma nan ne rikici yake: Lahadin ita ce ranar wanki, ranar iyali, ranar barci, ranar ɗaurin aure uku a unguwa uku, sannan ita ce ranar da ake hawa motar dare don a wayi gari Litinin a wurin aiki.

Ofis yana kusa, gida ne ya yi nisa

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Ofisoshin Rij, Kanda da unguwar filin jirgi duk maƙwabtan Nima ne. Wani daga tagar ofishinsa yana hango rufin gidan da aka haife shi. Amma ba can yake kwana ba. Gidan gado ya cika, aure ya zo, masu gida suna neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule duk da doka wata shida ta ce, sai ya koma Kasuwa, Amasaman, Adenta ko Oyibi inda ɗaki ya fi sauƙi ko ya samu fili. Daga nan rayuwarsa ta koma hannun cunkoson motoci. Wanda ke zaune Kasuwa yakan fito kafin gari ya waye don ya riga layin mahaɗar Malam, da yamma kuma lissafinsa ɗaya ne: in ya tsaya bes ya sha ataya kofi ɗaya, ƙarfe nawa zai isa gida? Ataya kuwa kowa ya sani ba kofi ɗaya ba ce, sai an yi na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ba a yi mata gaggawa.

Da azumi abin ya fi fitowa fili. A tashi aiki ƙarfe biyar, rana ta faɗi wajen shida, yawancin ma'aikata a cikin trotro suke shan ruwa da dabino biyu da ruwan leda. Buɗe baki tare a ƙofar gida, da koko da ƙosai ana miƙa wa juna, ya zama na ranar Asabar.

Masu fita waje nasu ya fi tsanani. Legas dai kusa ce a taswira, amma ta mota sai an tsallake iyaka uku, Aflawo, Hilakonji da Seme, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba mu damar shiga ba biza ba ta hana a tsayar da kai a kowane shinge. Dubai tana gaban Gana da awa huɗu, ƙasar Sin da awa takwas. Mai saro kaya a birnin Gwanzu, lokacin da abokansa ke taruwa bayan Isha'i, shi ƙarfe huɗu na asuba ne a wurinsa. In ya dawo ma ba a ce ya dawo ba, sai kwantena ta iso Tema an gama da kwastan. Wata guda ya tafi a kan tafiyar kwana goma.

Momo ba ta ɗaukar makara

Fasaha ta kawo mafita, ko abin da ya yi kama da mafita. Tun da MTN ta fara momo a 2009, gudummawa ta daina jiran mutum ya zo da kansa. An yi haihuwa, tura. An kwantar da wane a Korle Bu, tura. Kada a raina wannan: akwai marasa lafiya da yawa da kuɗin 'yan bes na ofis da na ƙasashen waje ne ya saya musu magani, kuma wanda ke zaune a benci kullum ba lallai yana da abin bayarwa ba.

Amma a ganina nan ne da yawa suke ruɗin kansu. Abota a Zango ba nishaɗin bayan aiki ba ce kawai. Ita ce inshorarmu, ita ce bankinmu, ita ce kotunmu. Abokai ne ke zuwa neman aure, su ne ke shiga tsakani in gida ya ɗau zafi, su ne ke tsaya maka in jari ya karye, su ne ke sanin wane yaro ya fara bin banza tun kafin ubansa ya sani. Duk waɗannan ba sa tafiya ta waya. Labarin da ya fi muhimmanci ba a rubuta shi a rukuni, a gefen benci ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Wanda ba ya zama, sannu a hankali sai ya koma mai ba da gudummawa, ba ɗan gida ba. Ana girmama shi, ana gode masa, amma an daina shawara da shi. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake ba su san momo ba, amma da sun sani ma ba na jin za su canja maganar.

Mata nasu nauyin ya ninka. Hajiyar da ke zirga-zirga tsakanin Makola da babbar kasuwar Lome, ko nas mai aikin dare, ko ma'aikaciyar banki, duk biki yana binsu bashi. An zo naki, dole ki je na wasu, da yayi a jiki, kuma ba zuwan minti goma ba, har da aikin girki tun jajibere. Namiji in bai zo ba a ce aiki ya riƙe shi. Mace in ba ta zo ba a ce ta samu wuri, girman kai ya shige ta. Ga adashi da ake zubi hannu da hannu, ga yara, ga miji. Da yawansu abin da suke yi shi ne su wakilta ƙanwa da kuɗi da turmin zane, su kuma su ɓullo da yamma a gansu a hoto.

Sai abokan ofis. Su ma abokai ne, kada a yi musu rashin adalci. Da su ake yini, su ke rufa maka asiri ran da ka sulale zuwa jana'iza. Amma zamansu na yammacin Juma'a sau da yawa a mashaya ne wajen Osu, kuma a can ake jin wa za a ƙara wa girma, wace kujera ce za ta buɗe. Musulmi sai ya zaɓa: ya je ya riƙe kwalbar malta yana kallon agogo, ko ya ƙi zuwa a ce ba ya shiga mutane. Wasu sun samo dabara mai kyau, su ja abokan aikin zuwa nasu filin. A kai su cin wake da shinkafa na Nima da rana, ko a gayyace su cin naman Sallah. Wanda ya taɓa zama a gidanku ya ga yadda ake, ba ya tambayar dalili ran da ka ce za ka fita bayan Azahar.

Su ma 'yan benci da nasu

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan mai tafiya. Akwai bes ɗin da ba a komai sai gardamar Hearts da Kotoko, da Chelsea da Madrid, daga La'asar har tsakar dare, kuma a ɗauka duk wanda ya tashi da wuri ya raina mutane. Mai shiga ofis ƙarfe takwas ba zai iya wannan ba. Akwai kuma abin da ke korar matafiya ba a faɗa: roƙo. Mutum ya dawo daga Dubai da bashi a wuyansa, kafin ya sha ruwa an jera masa buƙatu, wannan waya, wancan kuɗin makaranta, wani kuma "Yaya, ina tsarabata?" In kowace ziyara sai ta ci sidi ɗari biyar, dole ziyarar ta yi wuya. Wasu ba lokaci suka rasa ba, kunyar cewa babu ce ke hana su zuwa.

Waɗanda suka iya riƙe duka ukun, in ka lura, ba lokaci suka fi kowa ba. Sun daina jiran sai sun samu sarari ne, don sararin ba ya zuwa. Sun yanke rana. Wani ƙa'idarsa Juma'a a masallacin unguwarsu yake yi in dai yana gari, ko da na kusa da ofis ya fi sauƙi, don a ƙofar masallaci cikin minti ashirin zai gaisa da mutum talatin. Wasu bes sun mayar da babban zamansu Lahadin farkon wata, kowa ya sani tun da wuri, mai tafiya ya tsara tikitinsa a kai. Wani kuma in ya dawo tafiya, kafin ya buɗe kaya sai ya bi gidajen da aka yi rasuwa ko haihuwa bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ya makara, amma ya zo da ƙafarsa, kuma ana rubuta masa.

Ma'aikata da yawa kuma ba sa cin haƙƙin da doka ta ba su. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aiki awa takwas ne a rana ko arba'in a mako, da hutun awa 48 a jere kowane mako, da hutun shekara da bai gaza kwanakin aiki 15 ba tare da cikakken albashi. Ta ma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe hutunsa na shekara ba ta da inganci. Wanda aka tura Wa ranar Asabar ya dawo Lahadi da dare yana da bakin neman ranar hutu a madadi, amma namu sau da yawa sai su yi shiru, tsoron kada a ce ɗan Zango ya cika ƙorafi. Masu wayo sukan zauna da shugabansu tun farkon shekara su yi bayani: ga goman ƙarshe na azumi, ga yadda jana'izarmu take, zan bar kwana uku ko huɗu daga hutuna saboda irin wannan fita ta ba-zata. Shugaban da aka yi wa bayani a Janairu ya fi sauƙin kai a kan wanda aka tsare a bakin ƙofa. Mai shagon kansa dai babu dokar da za ta ba shi hutu, sai in ya yarda ya koya wa yaronsa aiki har ya iya barin masa makulli.

Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi ta hanyar da ke rage gajiya: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, tafiyar da ta kai wajen kilomita 80 ana yin ƙasaru, muddin mutum bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Akara zuwa Kumasi ta ninka haka sau uku.

Akwai kuma masu farfaɗo da tsohon tsarin maigida ba tare da sun kira shi da sunan ba. Kusan duk garin da aiki ke kai mutum akwai zango: Tamale, Techiman, Takoradi, Agowe a Lome, Zango a Kwatano, Agege a Legas. Kuma da wuya a rasa ɗan ajinku na makarantar allo, ko ɗan bes da aure ko aiki ya mayar can. Kamfani yana son rasit ɗin otal, to a kwana a otal ɗin. Amma in an tashi taro ƙarfe biyar, ba dole ba ne a koma ɗaki a kunna talabijin. Sai a kira shi a ce ga ni a garinku, a ina kuke Magariba, kuma a gaya wa uwargida ta ƙara hannu a tuwo.